Mai Riƙe da Fensir

3 ga Fabrairu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Ƙanena Auta ya ce kin daina shan maganin da likita ya rubuta, wai kin fi likitan sanin gwiwarki. Na ce masa ya ƙyale ki. Shekara talatin kina nas kina tsare mutane da ido sai sun haɗiye ƙwaya, yanzu da abin ya zo kanki ai dole ki yi gardama. Ni lafiyata lau, sai kewar gida.

Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Kunnenki ne ya hana. Kuma maganar da nake tafe da ita ba ta ihu ba ce.

Kin sha tambayata aikin me nake yi takamaimai a wurin binciken nan. To ga shi. Tun shigowar lokacin mura muke bin gidaje ɗari biyu da arba'in. Ba murar atishawa biyu nake nufi ba, babbar nake nufi, mai kwantar da ƙato da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Kowane gida mun ba su ma'aunin zafi da takarda mai layi-layi, kowa da layinsa, safe da yamma a rubuta. In wani ya kwanta sai mu je mu sa wa kowa tsinken auduga a hanci, mu kawo ɗakin gwaji. Muna so mu san wa ya shigo da ita gidan, wa ya ɗauka daga wa, kwana nawa a tsakani, kuma me ya kare waɗanda ba su kamu ba. Yara suna hango ni suke shigewa ƙarƙashin gado. A wani gida ma Mai Tsinke suke kirana.

Inna, duk ranar da na miƙa wa matar gida takardar nan, ƙofar kabad ɗinki nake gani. Na kwanuka, mai ƙara in an buɗe. Ina tuna yadda kika ja layuka da rula a cikin ƙofar, kika ɗaure fensir da zare a jikin ƙusa, shekarar da babbar mura ta shigo gidan Kaka ta tafi da Mama. Ina shekara bakwai, Auta yana da sati biyu a duniya. Ke kika rasa ƙanwa, mu muka rasa uwa, kika riƙe mu har muka zama mutane, amma ba mu taɓa zama mun yi zancen satin nan ba.

Auta ya ce kin kira kafinta ya kankare kabad ɗin ya yi masa fenti kafin ki tare a gidansa. Don Allah ki dakatar da shi. Ki kwafo mini abin da ke jikin ƙofar, rana da rana. Ba don aiki ba ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Shekara talatin da ɗaya ina son in san wa ya fara kwanciya a gidan nan. Ina zargin ni ce na kawo wa Mama ita daga makaranta, kuma yanzu na iya karatun da zai gaya mini gaskiya.

Ki gaida maƙwabciya mai ɗinki.

'Yarki

*

19 ga Fabrairu

Uwar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Gwiwa tana nan tana aikinta na ciwo, ni ma ina nawa na zaginta. Ki gaya wa Auta ya rage kai tsegumi, shi da ko allurar rigakafi sai an riƙe shi.

Ashe har yau halinki bai canza ba. Ba banza Kaka ya laƙaba miki sunan nan ba. Kina shekara huɗu kika tsare shi wai ina haƙoransa suka tafi, kuma me ya sa bai bi su ba. Ya yi dariya har tarinsa ya tashi, ni ce na sha wahalar dukan bayansa.

Zancen kabad kuwa, ki bar shi. Fensir ne, ya dushe. Idona ma ba ya gane ƙananan rubutu yanzu. Tsohon katako ne da warin man kwanuka, ba littafin asibiti ba.

Na karanta takardarki sau uku, kuma ina jin na gane inda kika dosa. Ƙofar ɗakin Mamanki ce ke cin ranki, ba ta kabad ba. Kin warke ranar Juma'a, kika zauna a bakin ƙofar kina tura mata zane-zanenki ta ƙasa, wata akuya mai ƙafa shida, wani gida da hayaƙi. Kina kuka in bar ki ki shiga, na hana. Aka fita da ita asibiti ba ki gan ta ba. In haushina kike ji a kan wannan, ki ji, kina da gaskiya. Amma na san ki. Da kin shiga sai kin rungume ta, da kin fito sai kin ruga kin sumbaci jaririn. Shi ya sa na kai Kaka da Auta ɗakin baya, na ɗaura wa kofin kowa zare mai launi daban, naki ja ne, na ajiye kwano da sabulu a bakin kowace ƙofa, na wangale tagogi har Kaka yana cewa iska zan kashe shi da ita tun mura ba ta iso ba. Da yau ne ma haka zan yi.

Ki yi aikinki, ki ci abinci. Hoton da kika aiko wa Auta na gani, wuyanki kamar na kwalba.

Kafinta sai ƙarshen wata mai zuwa, yana da aiki a wani gida.

Innarki

*

2 ga Maris

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina cin abinci, wuyan kuwa gadonsa na yi, ki duba naki a madubi.

Ba ki fahimce ni ba. Ban taɓa riƙe ki a kan ƙofar ɗakin ba. Ko da na yi ina yarinya, aikin nan ya wanke mini shi tuntuni.

Kada ki yi faɗa da Auta. Ni na matsa masa, ya faki idonki kina wanka ya ɗauki hoton ƙofar kabad ɗin ya turo mini. Rubutun bai dushe ba, Inna. Raɗau yake. Bakwai ɗinki mai sanda a ciki, tara ɗinki mai kama da ludayi. Ina buɗe hoton na ji ƙarar ƙofar a kunnena, har da ƙamshin sabulun asibitin da ke bin hannunki. Sai da na rufe ofis na zauna na ɗan lokaci.

Layi huɗu ne: Kaka, Mama, ni, Auta. Litinin da safe ni ce talatin da tara da ɗigo biyu, kowa lafiya. Talata ma haka. Laraba da yamma Mama talatin da takwas da ɗigo tara. Daga nan nawa yana sauka, nata yana hawa, har ranar da layinta ya tsaya a tsakiyar katako.

Kwana biyu tsakanina da ita. Wannan tazarar ita ce nake gani kullum a takardun gidajenmu, har na gaji da ganinta. Yaro ɗan makaranta ya kwanta, bayan kwana biyu uwa ta bi. Na tuna yarinyar da muke zama benci ɗaya tana ta tari a satin. Na tuna ranar Litinin ɗin, kina wurin aiki, Mama ta ajiye jariri ta kwanta a bayana, tana share mini hanci da bakin ɗankwalinta, tana ce mini raguwa. Kika dawo kika same mu, kika yi faɗa kamar za ki tsaga rufin ɗaki, kika raba mu. Ashe an riga an makara.

In gidan bincikenmu ne, jan biro nake ɗauka in zagaye layin wanda ya fara, in rubuta “na farko” a gefe. Na buga hoton a takarda na yi hakan. 

Na san yarinyar shekara bakwai ba ta da laifi. Haka nake gaya wa iyaye a gidaje, da murmushi. Amma sanin kai daban, abin da ke ƙirji daban, kuma raina a jagule yake. Abu ɗaya nake roƙo. Ke kin sani tun ranar, tunda ke kika rubuta. Shi ya sa ba kya son in gani? Shi ya sa kika kira kafinta?

'Yarki

*

21 ga Afrilu

Inna,

Ina gaisuwa. Sati bakwai ke nan ba amsa. Auta ya ce lafiyarki lau, kina zuwa kasuwa, kina faɗa da mai gyaran famfo. Ya ce kafinta ya zo kin sallame shi daga bakin ƙofa, kuma shi kansa tun ranar hoton ba kya amsa masa sai da ka.

In shirunki amsa ce, na ji. Ban zarge ki ba. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi wa yarinya wanka, ya yi mata kitso, ya raka ta makaranta shekara da shekaru, alhali ya san ta hannunta ƙanwarsa ta tafi. Ban taɓa ganin alamarsa a fuskarki ba ko sau ɗaya, kuma wannan kaɗai ya ishe ni godiya har in mutu.

Amma ki rubuto, ko zagi ne. Lokacin mura ya wuce a nan, muna ta tattara takardu. Ina zaune a tsakaninsu kamar wadda aka yi wa duka.

'Yarki

*

5 ga Mayu

'Yata,

Lafiya lau nake, kada ki sa wa ranki wani abu. Wannan ce takarda ta shida da na fara. Biyar na yaga.

Ke da kika yi karatu har kika ƙure malamanki, ki sake ɗauko hoton nan ki ƙirga. Layi huɗu kika ce. Mu nawa ne a gidan?

Mu biyar ne. Babanku yana can wurin aikinsa na nesa, saura Kaka, da Mamanki, da ke, da jariri, da ni. Ina layina?

Ranar Asabar, kwana biyu kafin ki kwanta, na tashi maƙogwarona kamar an zuba yashi, ƙasusuwana suna ciwo. Ɗakin da nake aiki a asibiti ya cika da masu murar nan har ƙasa, rabin nas-nas sun kwanta. Na haɗiye ƙwaya biyu na tafi. Haka muke yi dukanmu, wadda ta ce ba ta da lafiya saboda mura dariya za a yi mata. Na taso da rana, ban ko cire kayan aiki ba, kika tare ni da mataji wai kanki ya tsufa. Na zaunar da ke tsakanin gwiwoyina na yi miki kitso, awa biyu, ina numfashi a fuskarki duk sanda kika juyo da tambaya. Kin san kuwa sau nawa kike juyowa.

Ranar Lahadi da Litinin ni nake haɗa wa Mamanki shayi. Ba ta son mai zafi tun muna yara, kullum sai na kurɓa na ji kafin in miƙa mata. Na kurɓa.

Da kika kwanta na ja layukan nan, na auna kowa safe da yamma har kwana goma sha huɗu. Ma'aunin yana hannuna, ina wanke shi, ina yarfe shi, ina sa wa wannan ina cire wa wancan. Wallahi bai taɓa zuwa mini a rai in sa shi a bakina ba. A asibiti allon rubuta zafi da ke ƙafar gado na majinyaci ne, nas ba ta da allo. Kuma nawa ciwon bai kwantar da ni ba, kwana uku ya sake ni. Sai bayan an yi jana'iza, ina jera kwanukan da aka ci abinci, na buɗe ƙofar na tsaya ina kallo. A nan na ƙirga, na ga babu ni.

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe ƙofar nan kullum in ɗauki kofi. Ban goge ba, don gani nake ban cancanci in goge ba. Da zancen tashi ya zo na ce to, bari kafinta ya yi abin da na kasa.

Ban san kina ɗauke da wannan kaya ba. Na rantse ban sani ba. Na zaci yarinya ce, ta manta. Da na sani da tun kina 'yar firamare na zaunar da ke na gaya miki. Da takardarki ta zo da zancen jan biro, sai da na kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na ji kunya, na ji tsoro. Tsoron kada in faɗa ki daina ce mini Inna.

To na faɗa. Ki goge jan da kika zagaye kanki da shi. Ba ke ba ce ta farko, ni ce. Ni na kawo muku ita a jikin farar rigata.

In za ki yi fushi ki yi, amma ki rubuto. Na kwatanta wa kaina shirun da na yi miki na makonnin nan, ba daɗi.

Innarki, in har yanzu kin yarda

*

20 ga Mayu

Inna,

Gaisuwa irin ta kullum, ba a rage komai ba. Yaya gwiwar?

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ina zagaye ɗaki ina yi miki faɗa ke ba kya nan. Mu biyu a gida ɗaya, muna cin abinci a kwano ɗaya, kowa tana ɓoye wa 'yar'uwarta abu guda, wai tausayi. Auta ya ce in an tara taurin kanmu za a yi turmi.

Rana ta huɗu na shiga ofis na zube takardun gidajen nan a ƙasa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Inna, ashe gidajena cike suke da ire-irenki. Wadda ke riƙe da biro, ko ta bar layinta fari, ko ta jera talatin da bakwai, zafin lafiyayye, tun daga sama har ƙasa da hannu ɗaya, ka san a zama guda ta cike shi ranar da za mu zo karɓa. Alhali tsinken hancin da yawansu ya nuna ƙwayar cutar. Mun daɗe muna ganin saɓanin nan muna ɗora wa na'ura laifi. Ni kuma ina ta zagaye yaran mutane da jan biro. Na kai wa shugabar sashenmu, ta dafe kai ta ce ita ma da 'ya'yanta suka kwanta bara ba ta auna kanta ba. Za mu sake duba lissafin gaba ɗaya. Takardar baɗi kuma layin farko na mai rubutu ne, kuma wani ne zai auna ta ya sa hannu.

Yanzu bari in karanta miki ƙofarki yadda aka koya mini. Ke Asabar, ni Litinin, Mama Laraba. Tana iya yiwuwa daga gare ki ta ɗauka. Tana iya yiwuwa daga gare ni, ɗankwalin nan bai tafi ko'ina ba. Ni ma ko ke ce ko yarinyar benci. Ga matan da suka yi ta shigowa ganin jariri suna tari a tafin hannu, su ma ba su da layi. Mutum yana iya yaɗa ta tun kafin ya san yana da ita. Babu gwajin da zai raba wannan gardama, yau ko gobe. Na goge jan da ke kaina, amma ba zan mayar da shi kanki ba. Ba ki da hujjar karɓarsa, kuma ni ce mai biron.

Akwai abin da mu biyu ba mu kalla ba, don idonmu yana kan layin Mama. Ki dubi na sama da na ƙasa. Tsoho mai ciwon ƙirji da jaririn sati biyu, a gidan da mutum uku suka kamu, kwana goma sha huɗu zafinsu bai motsa ba. Irin waɗannan su murar take fara ɗauka. A gidajena da wuya nake ganin haka. Zaren kofi ne, da kwanon sabulu, da tagogin da Kaka yake zagi, da ƙofar da kika hana ni shiga. Kaka ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana ba mu labarin ƙarya. Auta ga shi nan da tumbi da 'ya'ya uku, yana gyara miki ɗaki.

A wurinmu an gano cewa jiki ba ya mance murar da ya fara haɗuwa da ita, alamarta tana zama a jini. Na taɓa gwada nawa, ta waccan shekarar tana nan. Da can in na tuna sai in ji kamar tabo ne. Yanzu ina jin har da kitson ranar Asabar a ciki, da kaina a kan gwiwarki.

Roƙo ɗaya ya rage. Kada a yi wa ƙofar fenti. Kuma takarda ba ta cika sai da kowa na gida. Ki ja layinki.

'Yarki, Uwar Tambaya

*

4 ga Yuni

Uwar Tambaya,

Na gode, Allah ya yi miki albarka. Gwiwa da sauƙi, na koma shan maganin, kada ki gaya wa Auta.

Na tare. Ɗakin yana da taga biyu, jikoki suna shigowa ba sallama. Kafinta ya cire ƙofar ya yi wa sauran kabad ɗin fenti, yana ta kallona kamar mai taɓin hankali. Tana jingine a gefen gadona, in kin zo hutu ki ɗauka. Akuyarki mai ƙafa shida ma tana nan. A ƙarƙashin matashin Mamanki na same ta, ta ninke ta huɗu. Ban taɓa iya gaya miki ba, don zancen ɗaya yana jan ɗaya.

Fensirin yana jikin zarensa, sai da na fere shi. Babu wuri a ƙasa, sai na ja layin a can sama, kan na Kaka. Ya ɗan karkace. Na rubuta: Ni. Asabar. Ban auna ba.

Babbar 'yar Auta tana tsaye tana kallo, ta tambaye ni me ya sa ban auna ba.  Ta ruga ta ɗauko ma'aunin uwarta, ta ce in buɗe baki, in ɗaga harshe, kuma ban da magana. Na yi shiru minti biyu cur, abin da ko likita bai taɓa samu daga gare ni ba.

Talatin da shida da ɗigo takwas. Ita ta rubuta da hannunta, a layina.

Innarki